Zaure da Falo: Kada a Zaɓi Launin Fenti a Shago

Da zarar biki ya matso ko Sallah ta ƙarato, sai ka ga magidanta sun nufi shagunan fenti. Mutum ya tsaya gaban katin launuka, ya nuna ruwan goro ya ce na zaure ne, ya nuna ruwan omo ya ce na falo. Kowanne shi kaɗai ba shi da laifi. Sai an gama aiki, an sallami mai fenti, an buɗe ƙofar da ke tsakani, sannan a ga launukan biyu suna harar juna. Kuɗi kuwa sun riga sun tafi.

Baƙo ba ya kallon zaure daban, falo daban. Yana tsaye yana cire takalmi, idonsa ya riga shi shiga ciki. Don haka wurin yanke shawara shi ne bakin wannan ƙofar, inda bangon waje da na ciki ke shiga ido lokaci guda. Ka tsaya a nan ka fara duba abin da ba za ka sauya ba: tayil, kujeru, labule, kafet. Fenti shi ne mai araha a cikinsu, shi ya kamata ya bi su.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki launi ɗaya a yi masa wa da ƙani. Idan falo ruwan madara ne, zaure ya zama ruwan ƙasa mai haske. Idan falo fari ne mai ɗan toka-toka, zaure ya ɗauki ruwan toka sosai. Zaure ne ya fi cancantar mai duhun, domin shi ke shan ƙurar hunturu, shi ake jingina wa babur, shi yara ke bi da hannun miya. Amma a yi hattara: yawancin zaurukanmu ba su da taga, kuma launi mai duhu ƙwarai zai mai da su kamar rijiya. Mafita ita ce a raba bangon, daga ƙasa zuwa kimanin mita 1 a shafa mai duhu wanda ke wankuwa, sama kuma a bar shi da haske. Silin da firam ɗin ƙofofi su kasance launi ɗaya a wuraren biyu. Wannan kaɗai kan haɗa kansu ko da bangon ya ɗan bambanta.

Mai son launi mai ƙarfi ba a hana shi ba, amma ya duba aikin magina na dā a Kano da Zariya. Jikin gini suna barinsa da launin makuba ko farar ƙasa, ado kuma ya taru a fuskar zaure, a zane. Masu ƙawata gidaje na yau ma kusan haka suke cewa: kashi 60 babban launi, 30 mai bi masa, 10 kacal mai ɗaukar ido. Ja ko kore shar ya tsaya a bango ɗaya, ko a matasan kujera.

Katin shago yaudara gare shi. Ɗan murabba'in da bai kai tafin hannu ba, idan ya mamaye bango yakan fi ƙarfi. Sayi ƙaramin gwangwani, ka shafa faɗin mita 1 sau biyu a zaure da falo, ka bari ya bushe. Duba shi da hantsi, da la'asar, da kuma dare. Farin ƙwan lantarki na sa ruwan toka ya koma shuɗi-shuɗi, mai rawayan haske kuwa na sa ruwan madara ya yi kamar ya tsufa. Ƙwan zaure da na falo su zama iri ɗaya.

Idan ka tashi saye, sayi duka lokaci guda, ka duba lambar haɗi a jikin bokiti, domin suna ɗaya ba ya hana launi ya ɗan saɓa. Ka sa ido kan ruwan da ake tsinka fenti da shi. Wasu kan mai da bokitin lita 20 ya yi aikin biyu, bango ya fito dabbare-dabbare. Sabon filasta kuma a ba shi kamar mako 4 ya bushe, in ba haka ba damina ɗaya za ta ɓamɓare komai.

Akwai abin da ya fi rashin dacewar launi muni. Fentin mai, musamman rawaya da ja da ruwan goro, shi aka fi samu da dalma a ciki, kuma shi muke shafa wa ƙofar zaure da ƙarafan taga, daidai inda yara ke riƙewa. Dalmar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010 daga aikin zinare ta fito, amma gubar ɗaya ce: tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ko kaɗan ɗinta ba shi da aminci. Amurka ta haramta ta a fentin gida tun 1978, Kamaru ta kafa tata dokar a 2017. Karanta jikin gwangwani, ka nemi wanda aka rubuta ba shi da dalma, ka guji fentin da ake aunawa a gora ba suna ba lamba. Idan za a kankare tsohon fenti, a jiƙa wurin tukuna don kada ƙura ta tashi, a fitar da yara da masu juna biyu, sannan a goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.