Ma'aunin Yaro a Kan Ƙanƙara: Juraj Slafkovsky da Magoya Bayan Montreal

Wasan hokin ƙanƙara, wanda ake bugawa a kan daɓen ruwan da aka daskarar, 'yan wasa shida-shida sanye da takalma masu tsinin ƙarfe suna kora wani ɗan faifan roba da sanda zuwa raga, yana da matsayi a ƙasar Kanada irin wanda ƙwallon ƙafa ke da shi a Najeriya da Nijar. Babbar gasarsa a duniya ita ce NHL, mai ƙungiyoyi 32 a Kanada da Amurka, kuma hanyar da ƙungiyoyin ke bi su sami matasa ta sha bamban da wadda masu kallon ƙwallon Turai suka sani. Ba a sayen yaro daga wata ƙungiya da kuɗi. A kowace shekara ana zama a yi zaɓe zagaye bakwai, inda ake raba matasan da suka kai shekara 18, kuma ƙungiyoyin da suka fi shan kashi a kakar da ta gabata su ne ke shiga ƙuri'ar samun zaɓin farko. Wannan tsari ya sa begen birni guda kan rataya a wuyan yaro ɗaya wanda gemunsa bai gama fitowa ba, ya kuma haifar da wata al'ada mai ƙarfi a tsakanin magoya baya, ta auna yaro da hasashen abin da zai zama.

Babu inda wannan al'ada ta kai zafin da take da shi a Montreal, birnin masu magana da Faransanci a lardin Kebek. Ƙungiyar birnin, Canadiens, an kafa ta a 1909, ta ci Kofin Stanley, wato kofin zakarun gasar, sau 24, fiye da kowace ƙungiya, amma rabonta da shi tun 1993. A 2021 ta kai wasan ƙarshe ta sha kaye a hannun Tampa Bay, sannan a kakar da ta biyo baya ta faɗo ta zama ta ƙarshe a gasar baki ɗaya, abin da ya kai ta ga zaɓin farko na 2022. Dattawan magoya baya ba su manta ba cewa rabon ƙungiyar da irin wannan dama tun 1980, lokacin da ta ɗauki Doug Wickenheiser ta bar Denis Savard, ɗan yankin, ya tafi Chicago ya zama tauraro, yayin da Wickenheiser ya kasa ɗaukar nauyin da aka ɗora masa har aka miƙa shi ga ƙungiyar St. Louis a 1983. Da wannan tabo a zuciya jama'a suka cika zauren Bell Centre ranar 7 ga Yuli 2022, domin a birnin nasu aka yi zaɓen na wannan shekara.

Mafi yawansu sun zo ne da tsammanin jin sunan Shane Wright, ɗan Kanada mai buga tsakiya, wanda tun yana shekara 15 aka ba shi izini na musamman ya shiga gasar matasa ta lardin Ontario kafin sa'o'insa, kuma aka shafe shekaru ana kiransa na ɗaya a ajinsa. Sai shugabannin ƙungiyar, ƙarƙashin manaja Kent Hughes, suka kira Juraj Slafkovsky, ɗan gefe daga birnin Kosice na ƙasar Sulobakiya, shewa ta gauraya da gunaguni a zauren, shi kuwa Wright sai a zaɓi na huɗu ƙungiyar Seattle ta ɗauke shi.

Hujjojin da ɓangarorin biyu suka riƙe tun daga wannan dare suna nuna yadda ake auna matashi a wannan wasa, da kuma inda ma'aunin ke da rauni. Masu goyon bayan zaɓen sun kafa hujja da gasar Olamfik ta Beijing a Fabrairun 2022, inda Slafkovsky, yana ɗan shekara 17, ya ci ƙwallo bakwai a wasa bakwai, aka zaɓe shi gwarzon gasar, ƙasarsa kuma ta sami lambar tagulla, wadda ita ce lambarta ta farko a hoki a tarihin Olamfik. Sun ƙara da ƙirar jikinsa, tsayin kusan santimita 191 da nauyin da ya haura kilo 100, wanda abu ne da horo ba ya bayarwa. Masu suka kuwa sun tunatar da cewa 'yan wasan NHL ba su je Beijing ba saboda annobar korona, don haka yaron bai gamu da manyan zakaru ba, kuma a ƙungiyarsa ta TPS da ke birnin Turku na Finlan ƙwallo biyar kacal ya ci a wasa 31 na gasar ƙasar, da maki goma jimilla. Maki a hoki shi ne adadin ƙwallayen da ɗan wasa ya ci haɗe da waɗanda ya taimaka aka ci, kuma shi ne lambar farko da kowane mai goyon baya ke dubawa. Kowane ɓangare gaskiya ya faɗa, sai dai wasa bakwai sun yi kaɗan a gina hukunci a kansu, wasa 31 ɗin kuma an buga su ne a gasar manya inda koci ba ya ba yaro mintuna masu yawa. Ko alkaluman Wright ma akwai giɓi a cikinsu, domin annobar ta sa an soke kakar 2020 zuwa 2021 ta gasar Ontario gaba ɗayanta, ya rasa shekara guda ta gogewa a daidai lokacin da ɗan wasa ya fi bukatarta.

Gardama ta biyu, wadda ta fi ta farko amfani, ta shafi inda ya kamata a ajiye yaron. Ƙungiyar na da zaɓin ta bar shi a Turai, ko ta tura shi reshenta na Laval da ke buga gasar AHL, wato matakin da ke ƙarƙashin NHL, ko ta jefa shi cikin manya kai tsaye, kuma wannan na ƙarshe ta yi. Kakarsa ta farko ba ta yi daɗi ba: wasa 39, ƙwallo huɗu, maki goma, sannan rauni a gwiwa ya kawo ƙarshenta a Janairun 2023. Masu lura da wasan da idon basira sun ga abin da alkaluma ba su nuna ba, wato yana yawan sunkuyar da kai ga faifan har a banke shi bai ga mai zuwa ba, kuma yana jinkirin yanke shawara. Wannan yana da dalili na fili, domin faɗin filin NHL kusan mita 26 ne, filayen Turai kuwa sukan kai mita 28 zuwa 30, kuma 'yan mitocin nan su ne bambanci tsakanin samun daƙiƙa guda ta tunani da rashinta. A nan masu cewa an yi gaggawa suna da hujja mai nauyi, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ke buga mintuna goma sha biyu a layi na uku ko na huɗu, cikin fargabar kuskure, ba ya taɓa faifan sau da yawa yadda zai koyi sarrafa shi. A hoki ana sauya 'yan gaba uku-uku bayan kowace daƙiƙa arba'in da 'yan kai, kuma layin da aka sa mutum shi ke ƙayyade mintunansa da irin abokan da za su miƙo masa faifai.

Farkon kaka ta biyu ya ƙara wa masu suka ƙarfi, domin bai kai maki goma ba a wasanni kusan 30, har kalmar asara ta fara yawo a gidajen rediyo da shafukan sada zumunta, ana jera sunansa da na Alexandre Daigle, zaɓin farko na 1993, da Nail Yakupov na 2012, waɗanda ba su zama abin da aka zata ba. Abin da ya sauya al'amarin shawarar koci ce. Martin St. Louis, wanda shi kansa babu ƙungiyar da ta zaɓe shi yana matashi saboda ƙanƙantar jikinsa amma ya ƙare a cikin jerin gwarzayen wasan na tarihi, ya ɗaga Slafkovsky zuwa layin farko tare da kyaftin Nick Suzuki da Cole Caufield, ya kuma ba shi wuri a lokacin rinjaye, wato mintunan da abokan hamayya ke buga wasa da ragin mutum saboda an hukunta ɗayansu. Daga nan yaron ya fara amfani da ƙirjinsa wajen kare faifan a jikin katangar fili, ya rage jinkirin bugu, ya kammala kakar da ƙwallo 20 da maki 50 a wasa 82, har da ƙwallo uku a wasa ɗaya da Philadelphia a Afrilun 2024. A ranar 1 ga Yulin wannan shekara ƙungiyar ta ba shi kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 60.8.

Kuskure ne a ɗauki wannan a matsayin shaidar cewa gaggawar da aka yi daidai ce, domin yaron ya bunƙasa ne lokacin da aka ba shi mintuna da amana, waɗanda su ne ainihin abin da masu son a tura shi Laval ke nema masa tun farko. Haka kuma kuskure ne mafi girma, kuma mai cutarwa, kiran ɗan shekara 19 asara, alhali masana wasan sun daɗe da sanin cewa manyan 'yan gaba masu dogaro da ƙarfin jiki sukan yi jinkirin nuna, saboda a gasar yara girman jiki kaɗai ya ishe su, sai sun haɗu da manya irinsu sannan su fara koyon dabara. Tarihin zaɓen kansa ya isa ya sanyaya gwiwar duk mai cika baki da hasashe: Pavel Datsyuk shi ne na 171 a zaɓen 1998, mai tsaron raga Henrik Lundqvist kuma na 205 a na 2000, kuma ƙwararrun masu farautar 'yan wasa na kowace ƙungiya sun tsallake su sau da dama kafin a kai gare su. Karin maganar da ke cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta tana aiki ga 'yan ƙalilan irin su Sidney Crosby da Connor McDavid, amma zaɓen 2022 bai zo da irinsu ba, kuma lambar ɗaya da aka liƙa wa Slafkovsky ta sa ana auna shi da mizanin da ba nasa ba.

A kakar 2024 zuwa 2025 ya sami maki 51 da ƙwallo 18, ya sake fara kaka a sanyaye kafin ya farfaɗo a rabinta na biyu, Montreal kuma ta koma wasannin neman kofi a karon farko tun 2021. Wright, wanda Seattle ta bi da shi ta hanyar da Montreal ta ƙi, wato dogon zama a gasar AHL, ya kammala cikakkiyar kakarsa ta farko a NHL da maki 44, tazarar da ba ta isa ta raba gardama ba. A ƙarshen wannan kaka tambayar magoya bayan Montreal ta sauya salo: suka daina tambayar ko Slafkovsky zai iya zama a gasar, suka koma tambayar ko shi ke jan layinsa ko kuwa Suzuki da Caufield ne ke ɗauke da shi, da kuma ko zai iya buga watan Oktoba, farkon kaka, yadda yake buga watan Maris.