Masuncin Kurmi Da Ba Ya Cin Kifi

Duk wanda ya taɓa zama bakin kogi ya san tsuntsun nan mai dogon baki da ke tsunduma cikin ruwa ya fito da kifi. Danginsa sun haura iri 100 a duniya, kuma autansu a kurmin Afirka yake. Masana na kiransa Ispidina lecontei. Wani masanin tsuntsaye na Filadelfiya a Amurka, John Cassin, shi ya fara bayyana shi a 1856.

Tsawonsa santimita 10 ne kacal, nauyinsa giram 9 zuwa 12, sai ka rufe shi da tafin hannu. Amma Allah ya yi masa ado: goshi baƙi, kai da ciki jajaye, baya shuɗi mai duhu, maƙogwaro fari fat. Bakinsa ja ne, mai faɗi a ƙarshe, ba tsini irin na 'yan'uwansa masu sukar kifi ba. Shi da kifi sai dai labari. Yakan samu ƙaramin reshe a cikin duhun itatuwa ya yi tsit, idanu a ƙasa. Ƙwaro na motsawa cikin busassun ganye sai ya faɗa masa kamar walƙiya, ya koma reshensa. Idan lokacin ƙwai ya yi, rami yake haƙawa a gangaren ƙasa, ba ya saƙa sheƙa.

Ana samunsa daga Saliyo zuwa Gana, kudancin Najeriya, Kamaru, Gabon, Kwango har Yuganda. Mu a Arewa ɗan'uwansa muke gani, Ispidina picta, wanda ya ɗan fi shi girma, yake kuma haurowa ƙasar ciyayi da damina, har yakan yi rami a jikin suri. Wannan na iya canza wuri. Na kurmi kuwa ba shi da inda za shi.

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin tsuntsayen da ba a fargabar ƙarewarsu, saboda faɗin ƙasashen da yake zaune. A ganina wannan hukunci bai kamata ya kwantar mana da hankali ba. Tsuntsun da ke ɓuya a duhu, wanda ko ƙwararru sai sun sha wuya kafin su hango shi, zai iya ƙarewa a daji guda ba wanda ya lura. Kurmin Najeriya kuma ya riga ya zama tsibirai: gandun Kuros Riba da aka kafa a 1991, da na Okomu a jihar Edo, sai 'yan ragowa da gonakin koko, roba da kwakwar manja suka yi wa zobe, ga masu yankan katako ba dare ba rana.

Katakon da muke rufin ɗaki da shi a Kano da Kaduna, mai yawa daga kudu ake lodo shi. Don haka maganar ta shafe mu. Ya kamata gwamnati ta ba masu gadin gandun daji kayan aiki da albashi a kan kari, mu kuma mu riƙa tambayar inda katakon da muke saya ya fito.