Shuwaka Da Ciwon Sankara: A Yi Hattara

'Yan'uwa mazauna Kudu, ganyen nan mai ɗaci da Yarbawa ke kira ewuro, Ibo kuma onugbu, ai shuwakarmu ce ta gida. Masana sun gano tana ɗauke da sinadarai masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. A 2003 Dokta Ernest Izevbigie, ɗan Nijeriya mai bincike a Amurka, ya nuna cewa ruwan ganyen yana rage hayayyafar ƙwayoyin sankarar nono.

To, amma fa a ɗakin gwaji ne, ba a jikin mutum ba. Saboda haka a sha miyar shuwaka lafiya lau. Amma duk wadda ta ji ƙullutu a nono, ta garzaya asibiti, kada ta tsaya jiƙe-jiƙe. Sankara tun tana ƙarama ake cin ƙarfinta.