Idan tsoho ya karye a dantse, dole ne sai an yi masa tiyata?

Ƙashin dantse shi ne dogon ƙashin nan da ya taso daga gwiwar hannu ya shige kafaɗa. A wurin tsofaffi yawanci can sama yake karyewa, ƙasa kaɗan da dunƙulen kansa. Ba sai an yi hatsarin mota ba. Santsin banɗaki kawai ya isa, mutum ya kai hannu zai dafa ƙasa, shi ke nan. Dalili kuwa shi ne ƙashi yana rage ƙwari da shekaru, musamman ga mata bayan sun daina al'ada. Bayan karayar ƙugu da ta wuyan hannu, wannan tana cikin waɗanda aka fi gani a tsofaffi.

Da zarar an ɗauki hoton ƙashi an ga ɓangarorin sun goce, hankalin 'yan uwa sai ya tafi kan tiyata: a buɗe, a daidaita, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi. Su ma likitoci sun daɗe suna ganin haka. To amma da aka gwada, sakamakon ya ba mutane mamaki.

A 2015 aka wallafa binciken da ake kira PROFHER, wanda aka yi a asibitocin Birtaniya kan mutum 250 da ƙashinsu ya karye kuma ya goce, akasarinsu mata, matsakaicin shekarunsu 66. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabi aka tura su tiyata, rabi aka rataye musu hannu a wuya da ƙyalle, sannan duka aka sa su motsa jiki a hannun masu gashin ƙashi. Bayan shekara 2 babu wani bambanci na a zo a gani wajen ciwo ko amfani da kafaɗar. Aka sake bibiyarsu a shekara ta 5, labarin bai canja ba. Wani binciken a ƙasashen arewacin Turai, wanda ya fito a 2019 kan masu shekara 60 zuwa sama, shi ma abin da ya samu ke nan.

Me ya sa? Kafaɗa gaɓa ce mai faɗin juyawa, ko ƙashin ya haɗe a ɗan karkace sauran gaɓar tana cike giɓin. Ga tsoka ta lulluɓe wurin, jini yana isa sosai. Sannan ƙashin tsoho kamar katakon da gara ta ci ne, kusa ba ta cika kama shi ba. Takan saki, ko ta ɓullo cikin gaɓar, a koma ɗakin tiyata karo na biyu. Ni a ganina hoto mai kyau ba shi ne ma'auni ba. Ma'auni shi ne ko Baba zai iya kai loma baki ya sa rigarsa da kansa.

Kar a ɗauka ratayewa na nufin a zauna a zuba ido fa. Nan ne ma aikin yake. Ana barin hannun a ƙyalle na 'yan makonni, amma yatsu da wuyan hannu da gwiwar hannu tun farko ake motsa su. Da ciwo ya lafa sai a fara lilo: mutum ya sunkuya, ya saki hannun yana reto a hankali. Idan aka bar kafaɗa a ɗaure ta daɗe, ƙashi zai haɗe amma gaɓar ta sandare, kuma warware wannan ya fi karayar cin lokaci. Kwanakin farko barci a kishingiɗe ya fi sauƙi. Jinin da ke kwanciya ya gangaro har gwiwar hannu ko ƙirji kuwa, an saba ganinsa.

Akwai inda tiyata ba ta da makawa: idan ƙashi ya huda fata, ko kan ƙashin ya fice daga gurbinsa, ko ya tarwatse, ko jijiyar jini ta taɓu. A wasu tsofaffin ma canja gaɓar ake yi da ta ƙarfe. Shi ya sa hoto da gwajin likita ke zuwa kafin komai, har da kafin a je wurin mai ɗori. Ɗaurin da ya matse yakan tsayar da jini. Idan yatsu suka yi sanyi, suka canja launi, ko suka mutu ba a jin taɓawa, a kwance ɗaurin a nufi asibiti a lokacin, ba gobe ba.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa: wanda ya karye don ya zame kawai, ƙashinsa ne ke gargaɗi. A nemi a duba ƙwarin ƙashin, a duba idanunsa da magungunan da ke sa shi jiri, a sa fitila a hanyar banɗaki, don karayar ƙugu ta fi wannan haɗari nesa ba kusa ba.