TSARA WAYOYIN LASIFIKA: GYARAN DA AKE MANTAWA DA SHI A ƘASAR FUNTUA DA MALUMFASHI

Da zarar kaka ta yi a ƙasar Funtua da Malumfashi, aka kai auduga da masara da waken suya kasuwa, sai ka ji jama'ar unguwa sun yi karo-karo domin sabunta lasifikar masallacinsu kafin azumi. Samari kuma su sayo talabijin da dikoda su buɗe gidan kallon ƙwallo, makarantun Islamiyya su nemi na'urar da za su yi saukar karatu da ita. Kuɗi ne masu yawa, gumin manomi ne kuma. Amma abin takaici, sau da yawa ba a cin watanni sai na'urar ta fara gurnani, ko ta ƙone ana tsakiyar huɗuba, a ce kayan ne jabu. Alhali kuwa in aka leƙa bayan akwatin, can za a tarar da asalin cutar, watau wayoyi a cukurkuɗe kamar saƙar gizo-gizo.

Mutanen wannan yanki ba baƙi ba ne ga irin waɗannan na'urori. Tun zamanin En'e motar majigi ke zagaya ƙauyuka, kuma dattawa ba su manta da fim ɗin Baban Larai ba, wanda aka ɗauka a Daudawa cikin shekarun 1950 domin koyar da noman auduga. Motar majigi tana bin hanya mai gargada da injinta da lasifikarta, ta isa gari ta yi wasa lafiya, saboda kowane abu yana da mazauninsa, an kuma ɗaure shi tamau. Wannan tarbiyya ce ta yi ƙaranci yanzu da kaya suka yawaita.

MAZAUNIN KAYA

Abu na farko shi ne akwatin da za a jera na'urorin. A gidajen rediyo da talabijin na duniya akwai ma'auni guda da aka yarda da shi: kabad na ƙarfe mai faɗin inci 19, wanda ya samo asali daga kamfanonin tarho na Amurka cikin shekarun 1920. Ana auna tsayin kowace na'ura da hawa-hawa, kowane hawa inci 1.75, watau milimita 44.45. Masallacin da ba shi da halin sayen irin wannan, mai walda na gari zai iya ƙera masa madadinsa, muddin an kiyaye sharuɗɗa uku.

Na ɗaya, amfilifaya da sitabilaiza, da yake su ne masu nauyi, a ƙasa ake ajiye su don kada akwatin ya rinjaya ya faɗi. Na biyu, a bar sarari tsakanin na'ura da na'ura, a kuma huda akwatin sama da ƙasa, gama iska mai zafi sama take yi. Al'adar lulluɓe amfilifaya da darduma don tsoron ƙura, ita ce ke dafa shi da ransa, balle a watannin Maris da Afrilu sa'ad da zafi ke kai maƙura. Na uku, a ɗaga akwatin daga ƙasa ya yi kamar taƙi biyu, saboda ruwan damina da gara. Batir na sola kuwa, in mai ruwa ne, ba a haɗa shi ɗaki ɗaya rufaffe da sauran kaya, domin yana fitar da iska mai kama wuta lokacin da yake caji.

ME KE KAWO GURNANI?

Wutar lantarki da ake ba mu a Nijeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, tana kuma kaɗawa sau 50 cikin daƙiƙa guda. Abin da ke tafiya cikin wayar makirfo kuwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai, bai kai ko bolt ɗaya ba. To, idan aka ɗaure wayar wuta da ta makirfo wuri guda suka yi tafiya mai nisa a jere, sai kaɗawar nan ta tsallaka cikin wayar makirfo, amfilifaya kuma ya ƙara mata ƙarfi tare da muryar liman. Wannan ne gurnanin da ke hana na sahun baya fahimtar karatu.

Maganinsa ba ya cin ko kwabo. A bi da wayoyin wuta ta gefe ɗaya na akwatin, na murya ta ɗaya gefen. Inda ya zama tilas su haɗu, to, su gitta juna, kada su jeru. Makirfo mai nisa a sa masa waya mai baki uku, irin wadda ake kira XLR, domin an ƙera ta ne musamman ta kashe ƙarar da ta tsinta a hanya. Shi kuwa kukan nan mai tsinin da ke huda kunne, dalilinsa dabam ne: an sa lasifika a bayan mai magana, muryar ta fita ta sake komawa cikin makirfo. Sai a matsar da lasifikar gaba, ta ba shi baya.

LISSAFIN LASIFIKA

Kuskuren da ya fi kashe amfilifaya shi ne ƙara lasifika ba da lissafi ba. Wani bawan Allah ya yi sadaka da guda biyu, sai a murɗa wayarsu a kan ta da. Ga yadda abin yake: lasifika biyu masu om 8 in aka haɗa su baki ɗaya sun koma om 4, in huɗu ne sun koma om 2. Galibin na'urorin da ke kasuwa ba su jure abin da ya gaza om 4, saboda haka sai su yi zafi su ƙone.

Ga masallacin Juma'a, inda waya za ta hau hasumiya ta kuma zagaya haraba, akwai hanyar da ta fi. Na'urori irin na Ahuja da TOA, waɗanda suka cika kasuwanninmu, da yawansu suna da mafita mai alamar bolt 100. In aka bi ta nan, kowace lasifika da 'yar taransifomarta, waya za ta yi nisa ba tare da murya ta raunana sosai ba, lissafin kuma mai sauƙi ne. A tara wat na dukan lasifikun, a tabbata bai wuce kashi huɗu cikin biyar na ƙarfin amfilifaya ba. Misali, mai wat 250 zai ɗauki lasifika shida masu wat 30, jimla 180. Ta bakwai sai a haƙura.

RAI YA FI DUKIYA

Duk wannan maganar kare kaya ce, amma akwai wadda ta fi ta nauyi. A masallaci ba a sa takalmi, masu alwala kuma hannunsu da danshi. Idan ba a haɗa akwatin da wayar ƙasa ba, watau atin, ranar da wata waya ta zare ta taɓa ƙarfe, ladan ne zai fara ji a jikinsa. Lalle ne a kafa sandar atin a wuri mai laima, a haɗa ta da akwatin da janareta, kada kuma wani ya cire ƙafar fulogi ta uku wai don ya shiga soket. Haka nan cusa tsirarar waya cikin soket da tsinken ashana, da maye gurbin fis da zaren waya, da shimfiɗa waya ƙarƙashin darduma inda ake taka ta kullum, kowannensu ƙofar gobara ne. A gidan kallo, inda mutane ke cunkushe cikin rumfar kwano mai ƙofa ɗaya, haɗarin ya ninka.

Wayar da za ta bi bango a sa ta cikin bututun roba saboda ɓera. A sayi mai jan ƙarfe na gaske, gama akwai ta alminiyam da ake shafa wa ja, kuma araha ba ta ado. In hadari ya taso da tsawa, a zare wayar hasumiya da ta kwanon dish har ya wuce. Hukumar NEMSA, wadda aka kafa bisa dokar shekarar 2015, ita ke da alhakin duba ayyukan lantarki da ba masu wayarin shaidar ƙwarewa, don haka ba laifi ba ne kwamiti ya nemi ganin takardar wanda zai ba aiki.

A ƙarshe, a rubuta suna a bakin kowace waya, can da nan: ta mumbari, ta hasumiya, ta sashen mata. A zana taswirar haɗin a takarda a manna cikin ƙofar akwatin, domin wanda ya haɗa yana iya yin tafiya, wanda zai gaje shi kada ya yi ta lalube. Bayan kowane hunturu a kashe wuta a kakkaɓe ƙura. Muna kira ga kwamitocin masallatai daga Bakori zuwa Ƙafur, daga Ɗanja zuwa Faskari, da su ware wani abu daga kuɗin da suka tara domin wannan aiki tun kafin a sayo na'ura. Amanar jama'a ce a hannunsu. Allah Ya ba da ikon riƙewa, amin.