Tafkin Sihwa: Ruwan da Ya Ruɓe Ya Dawo Yana Ba da Lantarki

A gaɓar yammacin Koriya ta Kudu, ba nisa da birnin Seoul, akwai wata katanga mai tsawon kilomita 12.7 da ta datse bakin teku. An fara gina ta a 1987, aka kammala a 1994. Nufin gwamnati shi ne a raba wani lungu na Tekun Rawaya da uwar teku, a samu sabuwar ƙasar noma da ta masana'antu, ruwan da aka killace kuma ya rikiɗe ya zama ruwan daɗi na ban-ruwa. A takarda shirin ba shi da makusa.

Ba a je ko'ina ba sai wari ya fara tashi. Rafukan da ke zuba cikin tafkin ƙanana ne, ba su da ƙarfin wanke shi, ga shi kuma suna ratsowa ne ta unguwannin masana'antu na Ansan da Siheung, ɗauke da dagwalon kamfanoni da na gidaje. A da, teku kan shigo sau biyu a yini ya kwashe wannan ƙazanta ya tafi da ita. Da aka toshe masa hanya, komai ya kwanta a wuri guda. Ruwa ya yi baƙi, kifaye suka riƙa mutuwa suna taso wa sama, manoman da aka yi aikin dominsu kuwa ko kusa ba su iya shayar da gona da shi ba. Masana suna da wani awo da suke gane ƙazantar ruwa da shi, wato yawan iskar oksijin da dattin cikin ruwan ke laƙumewa kafin ya narke. A 1997 awon ya haura miligiram 17 a kowace lita, abin da ya sa jaridun ƙasar suka laƙaba wa wurin suna mataccen tafki.

Dole uwar na ƙi. Aka buɗe ƙofofin katangar don ruwan gishiri ya riƙa shiga da fita, daga bisani gwamnati ta haƙura da batun ruwan daɗi gaba ɗaya. Sai dai ƙofofin suna can gefe guda, ruwan da suke juyawa bai kai ya farfaɗo da tafkin duka ba.

A nan ne injiniyoyin K-water, hukumar kula da ruwa ta ƙasar, suka kawo wata dabara. Tunda dai sai an ƙara huda katangar, me zai hana a sa ruwan da zai bi ta ramin ya yi aiki? Gaɓar yammacin Koriya na cikin wuraren da teku ke cika da janyewa sosai, bambancin yakan wuce mita biyar. Ƙarfin jan da wata da rana ke yi wa ruwan duniya ne ke haddasa hakan, kuma lokacinsa ba ya saɓawa. Ana iya lissafa sa'ar da teku zai cika shekaru masu yawa kafin ranar. Hasken rana da iska ba su da wannan tabbaci.

Aka soma ginin tashar lantarki a 2004, ta fara aiki a 2011. A ƙarƙashin titin da motoci ke bi ta kan katangar an jera manyan injina goma masu farfela, kowanne na ba da megawat 25.4, jimilla 254. Idan teku ya fara cika, sai a rufe komai a jira har ruwan waje ya ɗara na tafki tsayi sosai. Sannan a saki. Ruwan ya kwararo ta cikin injinan da ƙarfi, farfela ta juya, wuta ta samu. Idan teku ya janye, sai a buɗe ƙofofi takwas ruwan tafkin ya koma inda ya fito. Ba a samar da wuta a lokacin komawar, domin an gina gidaje da kamfanoni a bakin tafkin, tilas a riƙe ruwansa ƙasa-ƙasa kada ya yi ambaliya. An tsara tashar ta ba da kimanin kilowat-awa miliyan 552 a shekara, abin da zai ishi birni mai mutum dubu ɗari biyar. Da haka ta karɓe kambun tasha mafi girma a irinta a duniya daga tashar La Rance ta Faransa, mai megawat 240, wadda ta riƙe shi tun 1966.

Ruwan kuma ya warke ƙwarai. Awon ƙazantar nan ya sauko zuwa wajen 2 ko 3, kifaye suka dawo, tsuntsaye masu ƙaura suka sake sauka a laka. An kuma shuka dogayen ciyayin fadama a inda rafuka ke shigowa ta Ansan, don su tace ruwan kafin ya isa tafki.

Amma kada a yi wa labarin kwalliyar da ta wuce ƙima. Injinan ba sa kashe datti, sirka shi kawai suke yi da ruwan teku su tura waje, kuma binciken masana ya nuna har yanzu akwai gubar ƙarafa a lakar da ke kusa da masana'antun. Maganin wannan yana bakin bututun kamfani ne, kamar yadda duk wanda ya san abin da majemun Kano ke zubarwa a kogin Challawa zai shaida.

Haka kuma tashar ta yi sauƙin kuɗi ne saboda katangar tana nan tun da farko. Inda za a fara daga tushe, lissafin yakan canza. A 2018 gwamnatin Birtaniya ta ƙi amincewa da irin wannan aiki a Swansea, ta ce tsadarsa ta yi yawa. A Koriya ma an jingine shirin datse mashigin Garolim bayan masunta da masu kare muhalli sun tashi tsaye, daga baya aka ayyana wurin a matsayin yankin teku mai kariya. Shi ya sa injiniyoyi da dama suka karkata ga dasa injina a ƙasan teku ba tare da katanga ba, kamar wasu guda huɗu masu megawat 1.5 kowanne da ke juyawa a mashigin Pentland da ke arewacin Sikotlan, inda igiyar ruwa ke gudu tsakanin gaɓar ƙasar da tsibirai.