Ko Ka Sani? Sawun Katafila Yakan Fi Direbanta Daɗewa a Duniya

Kafin a fito da ko cokali ɗaya na yuraniyom daga ƙasa, katafila ce ke fara shiga. Masu binciken ma'adinai sukan bi fili suna huda shi da injin foraj, rami nan rami can, a jere kamar gidan dara, suna zaro dutse don a auna. Injin kuwa nauyi gare shi, ga tankar ruwa, ga motar ma'aikata, dole a share musu layi. Irin aikin da aka yi ta yi ke nan a yammacin duwatsun Ayar tun da Faransawa suka gano yuraniyom a Azelik a 1957, har aka kafa kamfanin SOMAÏR a 1968, garin Arlit ya tashi, Akokan ta biyo baya.

Katafila a kan sarƙar ƙarfe take tafiya, wadda ke raba nauyinta a wuri mai faɗi, shi ya sa ba ta cika kafewa a yashi ba. Ɓarnar tana ga wuƙar gabanta.

Baƙo zai ce ai Arlit ba daji, me za a ɓata? To ya sunkuya ya dubi ƙasa. Tsakuwa ce baƙa-baƙa shimfiɗe, kamar an jera ta da hannu. Ya ɗaga guda, zai tarar da gari mai laushi, mai haske, a ƙarƙashinta. Wannan murfi dubban shekaru ya ɗauka kafin ya haɗu. Da zarar wuƙa ta kankare shi, iska ta samu abin kwasa, tabon kuma ya zauna. A hamadar Kalifoniya ta Amurka, har yau ana ganin sawun tankokin yaƙin da Janar Patton ya yi atisaye da su a 1942.

Itatuwan yankin, kandili da aduwa, a bakin ƙorama suke taruwa, don ruwan shekara ba ya kai milimita 100, wata shekarar ma shiru. In katafila ta ratsa ƙorama ta bar tudun ƙasa a gefen layi, ɗan ruwan da ya gangaro sai ya sake hanya, itatuwan da ke ƙasa su kwana da ƙishi. A kan layin kuma ƙasa ta danne, saiwar tsiro ba ta iya huda ta. Wanda ya yi sa'ar tsirowa, akuya na jiransa. Tumfafiya ce kan riga kowa kama wurin, ita da ba ta da inuwar kirki. Abin da ya fi damuna shi ne layi ba ya mutuwa bayan masu shi sun tafi: masu saran itace da mafarautan barewa ne ke gadonsa.

Inda daji yake da duhu ma haka abin yake. A lardin Albata na Kanada, masu neman man fetur sun tsaga kurmi da layuka masu faɗin mita 5 zuwa 10, da yawansu kuma sun haura shekara 30 ba su rufe ba, musamman a wurare masu dausayi, inda ƙasa ta lotsa ruwa ya kwanta. Rana da iska sukan kutsa ta gefen layin su canza abin da ke tsirowa can ciki. Kyarkeci kuwa ya samu titi, yana cin dogon zango cikin sauƙi ya cim ma karibu, wata dangin barewa ta ƙasar sanyi. Yanzu kuɗi ake kashewa ana tara tudun ƙasa, ana dasa itatuwa, ana kayar da gungume a kan layukan don a toshe su.

Mu a nan muna da namu abin tunawa. Itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai a hanyar ayarin Agadas zuwa Bilma, saiwarta ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 babbar mota ta banke ta. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai, a gurbinta kuma an kafa ta ƙarfe.